Zanin Gadon Da Ya Tare Mana Rana

Katifa uku, ɗaure a saman mota. Tukunyar gas. Tukunyar kuskus da madambacinta. Kankana biyar. Lema biyu. Filas uku. Igiyar shanya, naɗi guda. Zanin gado tsofaffi huɗu. Zanin gado sababbi huɗu, ba a ko buɗe ledarsu ba. Khalti Akila.

Na sa Khalti cikin jerin kaya ne saboda tun daga Setif ba ta motsa ba, kuma a kan cinyarta aka ɗora jarkar man zaitun.

A kwazazzabon Kharrata muke, cikin cunkoso, mota na tafiya taku biyu ta tsaya. Birai sun jeru a kan katangar titi suna kallonmu. Ni ina baya, gwiwa a haɓa, kankana a ƙarƙashin ƙafa.

Ga wadda yau ta fara bina: sunana Firyal, shekarata ashirin da tara. Shida daga ciki na yi su a Murmansk, can ƙuryar arewacin Rasha, ina koyon yadda ake sanyaya kifi a cikin jirgi. Na dawo da takardar shaida, da rigar sanyi da ba ta da sauran amfani, da gajeriyar magana wadda Mama ke kira rashin tarbiyya. Wani kamfanin kifi a Bijaya ya ɗauke ni aiki, ɗaya ga wata zan fara. Mama ba ta ce kada in je ba. "Za mu gani," kawai ta ce. Duk wadda ta tashi a gidanmu ta san ba a taɓa ganin komai bayan wannan kalmar.

Sababbin zannuwan nan su suka hana ni sakat. Na san su. Fari da furanni ruwan hoda. Tun ina aji uku a sakandare Mama ta saye su ta kulle a saman durowa cikin kayan ɗakina.

"Mama, waɗannan ba nawa ba ne?"

Ba ta juyo ba. "Iska za su sha."

"A Jijel?"

"An hana ne?"

Khalti Akila, yayar Mama, ta gyara zaman jarka ta ce, "An ce Hajja Yamina ma a Jijel suke hutu bana. Kin ji ikon Allah."

"Ikon Allah da lambar waya," na ce.

"Ka ji ta ko, Si Tahar?" Mama ta ce wa Baba. "Wannan ka biya wa jirgi."

Baba ya ƙara muryar rediyo.

Hajja Yamina ita ce mahaifiyar Lutfi. Lutfi kuma shi ne wanda ake so in aura. Shekararsa talatin da huɗu, yana da shagon labule a El Ulma wanda ya gada wurin mahaifinsa. Ban taɓa ganinsa ba. Sati uku da suka wuce Khalti ta ba shi lambata da izinin Baba. Saƙonsa na farko tambaya ce: me nake so in gani a hutun nan? Na ce, "Rana ta faɗa cikin teku."

Ba don in burge shi na faɗa ba. A Setif bayan gidajen maƙwabta take ɓuya. A Murmansk kuwa wata biyu take yi tana zagaya sama ba ta faɗuwa, in sanyi ya zo ta yi kwana arba'in ba ta fito ba, sauran shekara tana bayan tudu da hayaƙi. Na gaji da ranar da ba ta da alƙawari.

Tun daga nan Lutfi ya mai da kansa ma'aikacin tashar jirgi. Ga saƙon da ya shigo muna Kharrata:

"Salamu alaikum. Wuraren guda bakwai ne. Na ɗaya, rairayin Babbar Fitila. Na biyu, dutsen da ke fuskantar tsibirin Awana. Na uku, saman titin Ziyama, akwai wurin tsayawar mota biyu..."

Haka har na shida. Sai ya rufe da, "Yau za ta faɗi takwas saura minti tara."

Ba fure, ba zuciya, ba "ya hanya". Ya ce bakwai, ya rubuto shida. Na ce a raina, ga mai auna taga da bai iya ƙirga ba. Na rubuta masa, "To."

Ya amso, "To."

Jama'a, wannan ita ce soyayyar da ake so in ajiye aiki dominta.

Ranar farko a cikin mota rana ta faɗi, muna kallon bayan wata motar ɗaukar kaji.

Sauran kwanakin kuma sai na tuna abin da shekara shida suka mantar da ni. Mu ba ma zama a bakin teku. Gini muke yi. Da mun iso Baba zai kafa lema biyu, ya soke sanda huɗu, ya ja igiya. Shekara talatin da biyu ya yi yana jan wayar lantarki kafin ya yi ritaya, saboda haka igiya ɗaya tal yake amfani da ita: ta bi sanda, ta zagaya lema, ta riƙe zani huɗu, ta dawo inda ta faro. Ƙulli ɗaya. Yakan ja baya ya dubi aikinsa ya ce, "Layi ɗaya. Mai ƙulli goma bai san aiki ba."

Bangon farko da ake tayarwa kullum na yamma ne, saboda rana na shiga idon Mama. Sai a shimfiɗa darduma, a kunna gas, a yanka kankana, a zauna ciki ana fifita kamar muna falonmu na Setif, sai dai da yashi a cikin abinci. Teku muna jin ƙararsa. Ƙarfe bakwai daidai Baba zai tafa hannu: "A kwashe, mu riga cunkoso." Sai mu fita mu tarar da duk waɗanda suka tashi don su riga cunkoso.

Ranar Talata na yi yunƙurin leƙawa waje.

"Ina za ki?" in ji Mama.

"Rana zan gani."

"Ranar da kika sani ce, ba a canza ta ba. Zauna, kada ki ƙone kamar gurasar da aka manta a kasko, ga baƙi Alhamis."

"Waɗanne baƙi?"

"Wa ya ce baƙi? Akila, na ce baƙi?"

"Ni kankana na ji kin ce," in ji Khalti.

Kowace yamma saƙon Lutfi na shigowa da lokaci, kowace yamma ina amsa "To" daga cikin mota.

Alhamis ta zo. Tun safe Mama ta tsaya a kaina. Doguwar riga mai ruwan zuma, mai ɗinkin zare a wuya. Mayafi fari da aka goge sau biyu. Awarwaron zinare huɗu na kakata. Kwalli. Takalmi mai tsini, wanda ya nutse a yashi tun takun farko, na cire na riƙe a hannu.

"Haka ake zuwa wanka a teku?" na ce.

"Wa ya ce miki wanka? Ki rufe baki ki yi murmushi. A'a, ba wannan ba, wannan kamar za ki ci tarar mutum."

Ta tsaya a ƙofa, ta sauke murya. "Firyal, yau nake son amsa. Gobe Juma'a, jibi mu koma. Na gaji da amsa tambayar matan unguwa. Ki ce eh, a wuce wurin."

Ni kuwa na riga na shirya tawa amsar. Zan bari a sha kofi, don kada a yi asarar madara, sannan in ce a'a.

A rairayin Babbar Fitila muka sauka, wuri na ɗaya a jerin Lutfi. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa na can saman jan dutse, fara da jan kai. Baba ya yi gininsa, amma yau da sababbin zannuwana. Mama da kanta ta bi su tana miƙar da furannin.

Ƙarfe shida da rabi sai ga murya daga waje. "Kai! Wa nake gani kamar Si Tahar? Zubida, kuna nan ashe?"

Mama ta amsa, "Hajja Yamina! Ikon Allah! Duk faɗin bakin tekun nan!"

Duk faɗin bakin tekun nan, kuma Hajja ta yi katarin fitowa da farantin baklawa, kayan zaƙi mai zuma, naɗe da jan ƙyalle.

Mace ce gajera mai faɗi, da farin mayafi da tabarau a rataye a wuya. Kafin ta gaishe ni sai da ta gaisa da zanin gado. Ta kama gefensa, ta murza tsakanin yatsa biyu, ta ce, "Hmm." Sannan ta sumbace ni sau huɗu, ta matsa damtsena yadda Baba ke matsa kankana.

Lutfi na bayanta ɗauke da kujeru biyu. Dogo, siriri, farar riga mai karin guga, wando a naɗe ninki biyu daidai wa daida a kowace ƙafa. Abin awo na rataye a jikin makullin motarsa. Ya ce, "Salamu alaikum," ya dubi fuskata daƙiƙa ɗaya, ya dubi agogonsa daƙiƙa biyu. Shi da Baba suka zauna a bakin ƙofar ginin ta gabas. Mu mata muna ciki.

Baƙi sun zo, ba maganar riga cunkoso. Karon farko ke nan da ƙarfe bakwai ta wuce muna bakin teku.

Aka zuba kofi da madara. Aka tambayi lafiyar ƙafar Khalti. Aka zagi masu ba da hayar gida. Sannan Hajja ta ɗora tabarau a hanci.

"An ce karatun firji ta yi."

"Ƙuruciya ce, Hajja," in ji Mama. "Ta gama da wannan."

"Na ji ana maganar wani aiki a Bijaya."

"Wace Bijaya? Ta fasa tuni."

"Ban fasa ba," na ce.

Khalti ta mintsine ni a cinya. Mama ta yi dariya mai tsawo. "Sanyin can ne ya taɓa mata harshe. Tana hucewa a hankali."

Hajja ba ta yi dariya ba. "Ni dai gaskiya nake faɗa tun wuri. Surukata ba za ta shigo min gida tana ƙarnin kifi ba. Firji biyu gare mu. In gyara take so, ƙaramin yana yoyo."

"Ai shi ke nan," in ji Mama. "Ta samu aiki."

Na tashi na ɗauki filas kamar zan ƙara wa mutane, don hannuna ya samu abin yi. Na tsaya jikin zanin yamma. Ya yi ja gaba ɗaya, furannin kamar an kunna musu wuta ta baya. Taku ɗaya tsakanina da abin da na zo gani, ga kayan ɗakina sun tare.

Waya ta motsa a aljihuna. Lutfi ne, daga nisan taku biyar.

"Saura minti shida."

Na rubuta, "Furannin zanin gado nake gani."

"To."

Na ɗauka ya gama ke nan. Sai na ji ƙarar kujera.

"Ammi Tahar, da izininka," ya ce wa Baba, wato Kawu Tahar a bakinmu. "Mama, Khalti, ku gyara mayafi, zan ɗan ɗaga gefen nan."

Baba bakinsa cike da baklawa. Ya ɗaga hannu da sauri. Lutfi ya ɗauka izini ne.

Ku fahimce ni, ba wauta ya yi ba. Shekara goma sha biyar yana rataya labule, kuma a sana'arsa kowane labule da sandarsa: ka zuge na falo, na ɗaki bai san an yi ba. Bai san a gidanmu layi ɗaya ne ba. Ya zagayo, ya sami ƙullin, ya duba shi da girmamawa, ya ja bakin igiyar da yatsa biyu.

Zanin yamma ya tafi. Na kudu ya bi shi. Lema ta farko ta rusuna, ta biyu ta kwanta a kanta. Iskar teku ta kwashi duka huɗun ta kifa a kan Mama da Khalti da Hajja da farantin baklawa, da Baba wanda ya taso da gudu don ya ceci aikinsa.

Mu biyu muka rage a tsaye. Ni da filas, shi da igiya.

"Innalillahi! Wa ya kashe wuta?"

"Akila, ɗaga min ƙafa!"

"Ba ƙafarki ba ce, tawa ce!"

"Lutfi! Ɗan banza, ina kake? Tabarauna!"

Lutfi ya yi fari fat, ya yunƙura zai je. Na ce, "Tsaya. Gas a kashe yake. Duk mai zagi da wannan ƙarfin lafiyarsa ƙalau."

Ya tsaya. Ya dubi agogo. "Saura huɗu."

Muka juya.

Ba zan yi muku waƙa ba, ban iya ba. Ƙatuwa ce, ja, kamar gwaiduwar ƙwai, kuma ana iya kallonta ido da ido. Ta taɓa ruwa, gindinta ya baje. Wata hanya mai ƙyalli ta taso daga can har bakin ƙafata. Wani kwalekwale ya ratsa ta gabanta, baƙi ƙirin. Tana sauka a hankali, ba gardama, a daidai lokacin da aka ce za ta sauka. Abin da ya kama ni ke nan.

"Na ji abin da Mamata ta ce," in ji Lutfi, idonsa na kan teku. "Ita ta ce. Ni ban ce ba."

"Ka ce wurare bakwai. Shida ka turo."

"Na bakwai yana Bijaya. Saman dutse, minti ashirin daga tashar jiragen ruwa. Na bari sai kin fara aiki, ki riƙa biyawa in kin tashi."

Na dube shi. "Shagonka fa?"

"Labulen mutanen bakin teku rana ke cinye shi duk shekara biyu. Na daɗe ina son buɗe wani a can." Ya murza igiyar a hannunsa. "Ƙarnin kifi kuma sabulu ke fitar da shi. Na tambaya."

Ya tambaya, jama'a. Wa ya tambaya? Har yanzu ban sani ba.

A bayanmu wani kai ya ɓullo ta tsakanin furanni. Baba ne, hula a karkace, zuma a gemu. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan teku. Rabinta ya riga ya nutse.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Shekara talatin muna zuwa nan. Ashe ciki take shiga?" Ya daki zanin. "Zubida! Fito ki gani!"

"In ga me? Kofi ya zube a zanin yarinya!"

Kafin Mama ta sami hanyar fita, saura ɗan jan baki kamar yankan kankana. Kafin ta gyara mayafi, babu.

Hajja Yamina ce ta fito ƙarshe, tabarau a kunne ɗaya, yashi har gira. Mutanen lemar kusa sun daina cin abinci suna kallo. Dole wani ya ɗauki laifi, kuma ba ɗanta ba.

"Ai dole ya zame," ta ce, tana karkaɗe zanin daga kafaɗarta. "Tun da na taɓa na sani. Rabinsa leda ne. Wannan ake kai yarinya ɗaki da shi?"

Mama ta miƙe tsaye sosai. Ban taɓa sanin tana da wannan tsawon ba.

"Leda?"

"Leda. Sana'armu ce, Zubida."

"To a shagon mijinki na saya, Allah ya jiƙansa. Ya dafa ƙirji ya rantse min auduga ce zalla."

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, akwai yara a cikin masu karatu. An tono bikin wata a shekarar da aka haife ni. An tono wata tukunya da aka ara. Khalti Akila, wadda ta ƙulla komai, ta zauna a kan kula tana cewa ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba. Hajja ta ɗauki farantinta da ragowar baklawa da yashinsa, ta ce ɗanta ba zai auri gidan da ake yi wa matacce sharri ba. Mama ta ce 'yarta ba za ta auri gidan da ke rushe wa mutane ɗaki a ka ba. Lutfi ya naɗe igiyar tsaf, ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ɗauki kujerunsa ya bi uwarsa.

Bayan magariba muka isa gidan haya. Ɗaki biyu ne a hawa na uku, da fanka ɗaya mai kuka. Mama ba ta ko cire mayafi ba, ta jefa zanin cikin baho ta hau cuɗa. Ina tsaye a bakin banɗaki da awarwaron kakata, yashi na zuba daga rigata.

"Ki goge lambarsa," ta ce. "Yanzu, ina kallo. Leda! Ni za a ce wa leda! Ki tafi Bijayarki, ki yi aikinki, ki auri kifi in kin ga dama. Na yafe. Amma gidan Yamina, ko su kaɗai suka rage."

Kun ji. Wata huɗu ina neman wannan izinin, yau an miƙo min shi a kan bahon wanki. Ba aure, ga aiki. Abin da na shirya faɗa bayan kofi ke nan, an faɗa min shi kyauta.

Daga falo Baba ya ce, "Gobe sai mun gani za mu tashi. Kuma ba za a sa na yamma ba."

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

Waya ta motsa.

"Gobe takwas saura minti goma sha huɗu. Ki ba Ammi Tahar haƙuri, ƙullinsa mai kyau ne. Zanin kuma Mama ta yi gaskiya, akwai leda. Zan canza muku."

Na karanta sau biyu. Na rubuta, "To." Na ƙara, "Na gani." Tunda muka fara, ban taɓa ƙara wa "To" ɗina komai ba.

Na nufi ɗaki. Mama ta biyo ni, kumfa har gwiwar hannu, Khalti na bayanta.

"Kin goge? Firyal, da ke nake. Nuna min wayar."

Na shiga, na rufe ƙofa, na murza makulli. Sannan na ɗaga murya yadda za ta ratsa katako.

"Bijaya zan je, Mama. Kuma mai labulen zan aura."